Baƙo Marar Takarda: Yaya Za A Yi Da Shi?

A shekarar 1986 Shugaba Reagan na Amurka ya sa hannu a kan dokar ahuwa. Baƙin da ke zaune a ƙasar ba izini tun kafin 1982 aka ba su takardar zama. Mutum wajen miliyan 2.7 suka samu. Dokar ta sa tara a kan mai ba marar takarda aiki, amma ba a tsananta ba, baƙi kuwa suka ci gaba da shiga.

Sai ra'ayin jama'a ya rabu. Waɗansu suka ce ahuwa lada ce ga mai karya doka. Waɗansu suka ce, yaya za a kori uba a bar 'ya'yansa da aka haifa can? A 2013 Majalisar Dattawa ta yarda da sabon shirin ahuwa, ƙuri'a 68 da 32, amma Majalisar Wakilai ba ta ko jefa ƙuri'a a kansa ba.

Mu masu bi fa? Romawa 13 ta umarce mu da biyayya ga hukuma, Littafin Firistoci 19 kuwa ya hana mu zaluntar baƙo. Sai mu riƙe duka biyu, mu koya wa yaranmu.