Dalilin da ya sa ake maimaita hoton zuciyar yaro bayan ciwon kumburin da ke bin korona

Yangoji (Abuja) – A garuruwa irin su Yangoji da ke Ƙaramar Hukumar Kwali, kan hanyar Abuja zuwa Lokoja, zazzaɓin yaro ba baƙon abu ba ne. Yawanci cizon sauro ko taifot ake fara zargi, kuma da zarar jiki ya yi sanyi, iyaye kan ɗauka cewa an rabu da cuta. Sai dai akwai wani ciwo da likitoci ke kira MIS-C, wanda zazzaɓinsa kan sauka alhali zuciya ba ta gama warkewa ba.

An fara lura da ciwon a Birtaniya cikin watan Afrilun 2020, sannan a watan Mayu Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da alamomin gane shi. Yakan bayyana makonni 2 zuwa 6 bayan yaro ya kamu da korona, ko da kuwa ba a ga alamarta a jikinsa ba. Garkuwar jiki ce ke wuce gona da iri, sai kumburi ya taɓa sassa da dama. Alamominsa sun haɗa da zazzaɓin kwana 3 ko fiye, jan ido, ƙuraje, ciwon ciki, amai da gudawa. Yana kama da cutar Kawasaki, wadda wani likitan Japan, Tomisaku Kawasaki, ya bayyana a 1967.

Zuciya ce aka fi yi wa fargaba, shi ya sa ake yin hoton da ake kira eko. Irin sikanin ɗin da ake yi wa masu juna biyu ne: a shafa mai a ƙirjin yaro, a ɗora kan na'ura, ita kuma ta aika sautin da kunne ba ya ji, amonsa ya dawo ya zama hoto mai motsi. Babu allura, babu yanka, babu hasken eksire.

Abubuwa huɗu likita ke dubawa. Na farko ƙarfin bugun zuciya: idan jinin da ɗakinta na hagu ke turawa a kowane bugu ya gaza kashi 55 cikin 100 na abin da ke cikinsa, ana ɗaukar cewa ta yi rauni. Na biyu jijiyoyin da ke shayar da zuciyar kanta, waɗanda kan buɗe ko su yi ƙullutu, inda jini zai iya daskarewa. Na uku ruwan da kan taru a jakar da ke kewaye da ita. Na huɗu ƙofofinta, ko suna barin jini ya koma baya.

Hoto ɗaya ba ya wadatarwa, domin waɗannan matsaloli ba lokaci guda suke fitowa ba. Raunin bugu kan bayyana da wuri, kuma a yawancin yara yakan gyaru cikin kwanaki ko makonni idan an ba da magani. Buɗewar jijiya kuwa tana iya fitowa daga baya, bayan an sallami yaro yana wasa. Saboda haka ƙa'idar da ƙungiyar ƙwararrun likitocin cututtukan gaɓoɓi da garkuwar jiki ta Amurka ta shimfiɗa ita ce a yi hoton lokacin da aka gano ciwon, a sake bayan kwana 7 zuwa 14, a kuma sake bayan makonni 4 zuwa 6. Sakamakon ne ke nuna ko za a ci gaba da asfirin ko maganin hana daskarewar jini. Yaron da naman zuciyarsa ya kumbura kuma akan hana shi ƙwallo da guje-guje na watanni 3 zuwa 6.

Ga mutanen Yangoji, asibitin koyarwa mafi kusa shi ne na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada, wanda ya kasance cibiyar killace masu korona a 2020. Kuɗin mota da barin gona ko kasuwa na yini guda na iya sa iyaye su ƙi komawa idan suka ga yaro ya miƙe. A nan haɗarin yake, domin jijiyar da ta buɗe ba lallai ta sa yaro jin zafi ba.

Ciwon ba shi da yawa, kuma ya ƙara raguwa a shekarun baya-bayan nan. Duk da haka, idan zazzaɓi ya ƙi sauka bayan maganin cizon sauro, ya haɗu da jan ido, ciwon ciki ko numfashi sama-sama, a gaggauta kai yaro asibiti. Idan kuma likita ya sanya ranar sake hoto, a kiyaye ta, a tafi da takardar sakamakon baya domin a kwatanta.