Dabarun faɗa marasa suna cikin Pokémon: yadda yara ke gane su da ido

A unguwannin Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, duk gidan da ke da telebijin ya san gardamar da ke tashi tsakanin yara in an gama kallon wasan zane mai motsi. Wani ya ce dabara kaza ce aka yi, wani ya ce a'a. Iyaye da yawa na ɗaukar wannan gardama surutun banza. Amma wanda ya saurara da kyau zai tarar akwai lura a ciki, akwai kuma hujja.

Wasan da ake kira Pokémon daga ƙasar Japon ya fito. An fara shi a shekarar 1996 a matsayin wasan na'ura na kamfanin Nintendo, sa'an nan tashar TV Tokyo ta fara nuna labarinsa da zane ranar 1 ga watan Afrilu 1997. Daga baya aka juya shi cikin Faransanci, ta wannan hanya ce yaran Nijar suka san shi. Labarin wani yaro ne mai suna Sacha da abokinsa Pikachu, da waɗansu halittu da ake horarwa suna karawa da juna. Sacha ya riƙe labarin har shekarar 2023, lokacin da aka kawo sababbin jarumai.

Bisa al'ada, mai horo shi ke kiran sunan dabara da babbar murya kafin halittarsa ta kai hari. To, amma akwai halittun daji waɗanda ba su da ubangida, akwai kuma lokacin da faɗa ya yi zafi har ba a tsaya kiran suna ba. A nan mai kallo ba shi da abin dogara sai idonsa.

Abu na fari da ake dubawa shi ne launi da irin abin da ya fito: wuta ce, ko ruwa, ko walƙiya, ko ganye. Wannan yana rage zato, amma bai isa ba, don dabarun wuta kaɗai suna da yawa. Sai a dubi siffa. In wuta ta fito tartsatsi tartsatsi, ƙaramar dabara ce da Faransanci ke kira Flammèche. In ta fito miƙe ɗoɗar daga baki, Lance-Flammes ce. In ta murɗe kamar guguwa ta kewaye abokin gaba, wata ce dabam. Wadda ta fi kowace saukin ganewa ita ce Déflagration, domin wutarta na buɗewa da rassa biyar, kamar mutum ya ware hannuwa da ƙafafu. Wannan siffa ba ado ba ce: harafi ne na rubutun Japon mai ma'anar "babba". Mutanen birnin Kyoto na kunna wuta da siffar wannan harafi a jikin dutse ranar 16 ga watan Agusta kowace shekara, kuma sunan wutar bikin, Daimonji, shi ne sunan dabarar a harshen Japon. Yaron da ya gane ta a Zinder ya karanta harafin wata ƙasa bai sani ba.

Bayan siffa sai shiri. Lance-Soleil ba ta fita nan take. Sai halittar ta tsaya ta tara hasken rana tukuna. Vive-Attaque kuwa farin layi take bari a bayan mai gudu. Haka masu kallon kokowa suke: tun ɗan kokowa bai ɗaga abokin karawarsa ba, tsofaffin ƴan kallo sun gane kamun da zai yi daga yadda ya dasa ƙafa.

In duk wannan bai raba gardama ba, sai a koma ga lissafi. Kowace halitta tana da jerin dabarun da take iya koyo, kuma cikin wasan na'ura ba ta riƙe fiye da huɗu a lokaci guda. Wanda ya haddace jerin zai ce: wannan ba ta iya dabara kaza, saboda haka ɗayar ce. Duk da haka akwai inda hujja ke ƙarewa. Dabarun ruwa guda biyu, Pistolet à O da Hydrocanon, kauri da ƙarfi kawai ya bambanta su, kuma ba kullum masu zane ke kiyaye wannan bambanci ba. Ban da haka, zanen yana sauyawa da shekaru. Ultralaser, wadda a farko take fita ruwan goro, an sake mata launi daga baya. Saboda haka wa da ƙane na iya yin gardama alhali kowa na da gaskiyarsa, zamanin kallonsu ne ya bambanta.

Akwai wani dalili mai nauyi da ya sa aka taɓa waɗannan haskoki, wanda ya kamata iyaye da malaman lakwal su sani. Ranar 16 ga watan Disamba 1997 aka nuna kashi na 38 a Japon. A ciki Pikachu ya kai hari da walƙiya, sai allon telebijin ya riƙa ƙyalli ja da shuɗi wajen sau 12 cikin sakan guda. A daren nan aka kai mutum 685 gidan likita, yawancinsu yara, waɗansu da jiri da amai, waɗansu da jijjiga irin ta farfaɗiya. Aka dakatar da wasan wata huɗu, bai dawo ba sai watan Afrilu 1998, kuma ba a sake nuna wannan kashi ba.

Bayan haka gidajen telebijin na Japon suka kafa ƙa'ida: kada ƙyalli ya wuce sau uku cikin sakan guda, a kuma yi hattara da jan launi musamman. Aka koma kan kashin farko farko aka rage musu haske, shi ya sa walƙiyar Pikachu da ta isa ƙasashen waje ba ta kai ta asali ƙyalli ba. Tun daga lokacin ne kuma tashoshi da yawa na Japon ke sa rubutu a farkon wasannin zane, suna gargaɗin yara su kunna fitila a ɗaki, su kuma ja da baya daga telebijin.