Oba-oba a Mota Ba Kayan Soja Kaɗai Ba Ne

Idan aka kawo maganar saka oba-oba a mota a tashar Anka ko ta Gummi, amsa biyu ake ji. Wasu su ce kayan soja ne da ’yan sanda, duk farar hular da ya riƙe ta rigima yake nema. Wasu kuma su ce wayar salula ta riga ta binne ta. Masu faɗin haka suna da hujja, cikinsu har da dattawan direbobi da suka fi ni sanin hanya. Duk da haka ina roƙon su ara mini kunne.

Mu tuna Satumbar 2021. Hukumar NCC ta umarci kamfanonin waya su rufe layukansu a faɗin Zamfara, bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle, don a takura wa ’yan bindiga. Mako biyu aka ce da farko. Gusau ta samu sabis a farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomi sai wajen ƙarshen Nuwamba. Kusan wata uku wayar da muke taƙama da ita ta koma tocila. Direban da motarsa ta mutu tsakanin Daki Takwas da Gummi ba shi da hanyar sanar da tasha, mai naƙuda daga ƙauyen Bukkuyum kuwa sai dai asibiti ya gan ta a ƙofa.

Dalilin a fili yake. Waya ba ta magana da waya kai tsaye, sai ta bi ta ƙarfen sabis. Idan aka kashe ƙarfen, ko man janaretansa ya ƙare, magana ta tsaya. Oba-oba kuwa daga eriya zuwa eriya take aika murya, babu kamfani a tsakani, babu kati.

Ta mota ta fi ta hannu nesa ba kusa ba. Ta hannu yawanci ƙarfinta wat 5 ne, ’yan kilomitoci kaɗan take ci. Ta mota tana kai wat 25 zuwa 50, kuma a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa tana iya haɗa gari da gari. Sirrin yana wurin ɗaurawa. Eriyar zangon megahaz 144 tsayinta kusan rabin mita ne, amma sai an kafa ta a tsakiyar rufin mota, don ƙarfen rufin shi ke taya ta watsa murya. Wutar kuma a jawo ta kai tsaye daga batir, da fis kusa da kan batirin, kada a maƙala ta a ramin kunna taba. Duk mai wayarin da ya iya aikinsa zai gama wannan a yini guda.

Zancen cewa kayan soja ne, ai ƙungiyoyin agaji irin su MSF, wadda ta shigo Anka da Bukkuyum a 2010 lokacin da gubar dalma ta hallaka yara sama da 400, an san motocinsu a duniya da rediyon sadarwa. Akwai ma masu yin ta don sha’awa, da lasisi, kuma lambar kiran ’yan Nijeriya tana farawa da 5N, ta ’yan Nijar da 5U. Sai dai lasisin sha’awa ba na kasuwanci ba ne, tasha da asibiti nasu daban za su nema.

Inda na yarda da dattawan shi ne tsoron da suke ji. A yankin da ake farautar masu ba ’yan bindiga bayani, wanda aka tsayar a shinge da oba-oba babu takarda ya shiga uku. Kuma duk mai irin na’urar yana jin abin da aka faɗa, har da na cikin daji, don haka ba a ambaton kuɗi ko sunan fasinja a kanta. Wannan dalili ne na bin ƙa’ida, bai isa dalilin haƙura da ita ba.

Shi ya sa ba na ba kowa shawarar ya sayo ta a kasuwa ya liƙa. Ƙungiyar direbobi da manyan asibitocin Anka, Gummi da Bukkuyum su ne ya kamata su nemi izini daga Ma’aikatar Sadarwa ta Tarayya da sunansu, su sanar da DPO da fadar sarki, kowace mota da kwafin takardarta. A fara da motocin ɗaukar marasa lafiya, da babbar na’ura ɗaya mai batirin sola a kowane asibiti.