Uwargida, ki bi da Meta AI mataki-mataki

Tun da Meta AI ya shigo WhatsApp a Najeriya a watan Afrilun 2024, mata da yawa suna tambayarsa abin da za su dafa. Sai dai akasari ana jibga masa komai a saƙo ɗaya: abincin mako, cefane, kuɗi, har da abin da yara za su tafi da shi makaranta. Amsar sai ta fito a dagule.

Dabarar da ta fi ita ce a jera umarni, amsar na farko ta zama kayan aikin na biyu. Masana kwamfuta sun daɗe da ita, domin tun 1973 aka saka irin wannan tsari a manhajar Unix a Amurka, bisa shawarar Douglas McIlroy. Mu ma mun san shi a madafi: dawar da aka surfa ita ake bakacewa, a wanke, sannan a kai niƙa.

Ki fara da cewa: "Tsara mini abincin kwana bakwai na mutum shida, da tuwo, shinkafa da wake." Ki karanta, ki cire abin da ba a ci a gidanki. Sai ki ce: "Daga wannan jadawalin, fitar mini da jerin cefane, ka auna da mudu." Na uku, ki rubuta masa farashin da kika gani a kasuwarku, ki ce ya haɗa lissafi. Idan ya zarce kuɗin cefane, ki ce ya nuna inda za a rage.

Amma fa a kula. Tsakuwar da ta tsira a wanki, a tuwo za a tauna ta. Idan ya saka miyar gyaɗa alhali ɗanki ba ya jituwa da gyaɗa, za ta bi cefane har cikin tukunya. Don haka kada ki wuce mataki sai kin duba shi, kuma ki kwafo gyararriyar amsar ki liƙa a saƙo na gaba, domin idan hira ta yi tsawo yakan manta. Ki sake buga jimillar a kalkuletar wayarki, yana iya kuskuren lissafi.

Sunayen yara, adireshin gida da lambar BVN kuwa, babu matakin da yake buƙatarsu.