Yadda mai digiri ko mai sake nema zai shiga karatun likita

Ɗalibin Daura mai son karatun likita a jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ko ta Bayero a Kano, hanya biyu ce a gabansa. Wanda bai samu gurbi bara ba sai ya sake zana jarrabawar JAMB a Turanci, Bayoloji, Kemistiri da Fizis, domin sakamakonta na shekara ɗaya ne kawai. Mai digirin kimiyya kuwa yakan nemi shiga kai tsaye, ya fara daga aji biyu, ya yi shekara 5 maimakon 6. Guraben ba su da yawa, saboda hukumar kula da aikin likita ta MDCN ce ke ƙayyade adadin ɗaliban da kowace jami'a za ta ɗauka.