Na shiga Damagaram kamar baƙo



Kowace shekara, in an gama girbi an ɗaure damma, tasha tana cika da matahiya. Wasu Kano, wasu Ikko, wasu Abijan, wasu su bi ta Agadas su nuhi Libiya. Ana ban kwana da iyaye, ana neman gafarar maƙwabta. Amma shi garin kansa, ba a cika yi mashi ban kwana ba.

Bana ni ma ina cikin matahiyan. Kawuna mai kanti a Abijan, ƙasar Kwadibuwar, ya kira ni. Ba cin rani ba ne, zama ne. Shi ya sa na ɗauki kwana 3 na koma Damagaram, inda aka binne cibiyata. Na bar garin ina da shekara 11. Yaro ba ya kallon gari, gudu kawai yake yi cikinsa. Wannan karo na shiga shi kamar baƙo mai buɗe ido: in tsaya, in duba, in tambaya, in rubuta. Can bakin teku za a tambaye ni labarin garinmu, kuma ina son in samu abin faɗa.

Daga Maraɗi kilomita wajen 235 ne, ta Tasawa da Takeita. Kahin a shiga gari ana wuce Tirmini. A nan ne sojan Faransa suka ci dakarun Sarki Amadu Kuren Daga a 1899. Fasinja da yawa barci suke yi a wurin.

Na fara da Birni, tsohuwar unguwa. Lunguna ƙanana ne, wani jaki da kaya ma da ƙyar yake wucewa. Gidajen ƙasa ne, kuma goshin zauruka da yawa yana da zane. Magina sun yi shi da hannu tun laka tana ɗanya, aka bi wasu da launi. Wasu zanen sun tsufa, ruwan damana ya cinye su. Wasu masu gida sun shafe nasu da siminti. Ni dai a ganina hasara ce, ko da yake mai yaɓen gida duk shekara shi ya san wuyar abin. Tsakanin gidajen ga manyan duwatsu a jibge, wani bisa wani. Yara suna hawan su har yanzu.

Ganuwa kuwa saura guntaye. Sarki Tanimu ne ya kewaye birnin da ita. Ya yi sarauta mai tsawo, har 1884. A zamaninsa maƙeran garin sun ƙera igwa, an haɗa albarushi, ayari yana zuwa daga Tarabulus. Ana hita da fatu da gashin jimina. Ana hita da bayi kuma. Wannan ma tarihinmu ne, ba a ɓoye shi.

Fada tana tsakiyar Birni, kusa da masallaci. Dogarai suna ƙofa da rigunansu ja da kore. Na yi gaisuwa, na nemi izini, wani dattijo ya shiga da ni zaure bayan zaure. Bango mai kauri ne ƙwarai. Waje rana tana dukan kai, ciki kuwa sanyi kamar gindin tsamiya. Baƙi sun daɗe suna zuwa garin nan. Wani Bajamushe mai suna Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya sauka Damagaram a ƙarshen 1852, ya rubuta abin da ya gani. Shi ya ratso hamada kahin ya iso. Ni kuɗin mota kawai na biya.

Akwai labari guda da ya tsaya mini a rai. A 1906 Faransawa suka zargi Sarki Amadu ɗan Bassa da shirya masu tawaye. Suka tuɓe shi, suka kai shi Kwadibuwar. Ashe ƙasar da zan tahi da jakata, wani sarkin garinmu ya riga ni zuwa, shi bisa tilas.

Rana ta biyu Alhamis ce, ranar babbar kasuwa. Na tahi Zango. Sunan ya faɗi asalinta: nan Buzaye suke sauke raƙuma bayan doguwar tahiya. A kasuwar Dole na ga gishiri da dabino na Bilma, da tukwane, da aikin dukawa. Na sayi jaka ta jar fata da takalmi guda. Na hangi barikin da Faransawa suka gina bisa dutse. Yau wurin soja ne, baƙo sai daga nesa.

Kun san Damagaram ta taɓa zama babban birnin Nijar? Sai a 1926 aka maida gwamnati Yamai. Cikin dalilai har da ƙarancin ruwa. Ƙarƙashin garin dutse ne, rijiya ba ta da albarka sosai, shi ya sa ake jawo ruwa daga nesa, kamar Gogo da Arunguza. Masu garuwa suna nan da aikinsu, sai dai jarka ta roba ta maye gurbin tulu. An buɗe jami'a a 2010, matatar man hetur a 2011, gari ya ƙara faɗi ta kowane ɓangare.

Faɗin nan ya cinye gonar da muke shuka hatsi da wake muna yara. Magada sun raba, an yanka hilaye, an saida. Na tsaya inda nake zaton rumbunmu yake, sai ga ƙofar ƙarhe da mai gadi. Inna, ƙanwar mahaihiyata, ta tuna mini da wata ƴar gona da ta rage a ƙauye, wadda rabon babana ne. Washegari muka tahi tare da ita. Mai gari ya kira dattawa 2 da maƙwabtan gona, muka bi iyaka da ƙafa, daga gawo zuwa kalgo. Aka rubuta takardar shaida. Tun 1993 akwai dokar karkara, kuma akwai kwamitin gonaki da ake ce ma COFO. Duk mai niyyar doguwar tahiya, ya tambayi mai garinsu wannan takarda kahin ya shiga mota. Na karanta tawa da kaina, baƙi bayan baƙi, kana na sa hannu. Ɗan Inna zai noma gonar har in dawo.

Na so in leƙa Mirya, kilomita 18 gabas da gari, in ga lambuna da maginan tukwane. Kasuwarsu Lahadi ce, motata kuwa Asabar da asuba take tashi.