Fatimah Tuggar da Faifai Mai Juyawa

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, ina so in ba ku labarin wata 'yar Arewa da ta yi suna a duniya wajen aikin fasaha, ko da yake yawancinmu ba mu san ta ba. Sunanta Fatimah Tuggar. An haife ta a Kaduna a 1967. Ta fara karatun fasaha a Ingila, daga nan ta wuce Amurka, ta gama digiri na biyu a Jami'ar Yale a 1995.

Aikinta ba ya tsaya ga zane a takarda. Takan haɗa kayan gida da na'ura har abin ya yi motsi ko ya ba da sauti. A 1996 ta yi wani aiki mai suna Turntable. Ta sami garmaho, maimakon faifan waƙa sai ta ɗora masa faifan saƙa, irin wanda mata ke rufe ƙwarya da shi, yana ta juyawa. Bahaushe zai gane hikimar nan take, domin daga faifan saƙa faifan garmaho ya samo sunansa, saboda kamar da suka yi. A 2010 ta sake yin irinsa, ta kira shi Fai-fain Gramophone, ta haɗa da waƙoƙin Barmani Choge, mai kiɗan ƙwarya ta Funtuwa.

Tana kuma aikin bidiyo. A cikin Fusion Cuisine na shekarar 2000, ta yanko tsofaffin tallace-tallacen kayan girki na Amurka, ta gauraya su da hotunan matan Nijeriya suna aikinsu. Mai kallo sai ya tambayi kansa, shin wa ya ce ci gaba yana wuri ɗaya?

Abin da na fahimta shi ne, kayan aikinta muna da su. Faifai ga shi nan jibge a kasuwar Talata Mafara. A nan Bakura kuwa, yara nawa ne ke ƙera motar kara ko ta gwangwani, ƙafafunta na juyawa? Sau da yawa sai a kore su, a ce wasan banza ne. Alhali yaron nan auna tsawo yake yi, yana lura da abin da ke sa ƙafa ta juya.

Don haka ina roƙon iyayenmu, in kun ga yaro yana ƙira ko yarinya tana saƙa, ku ƙarfafa musu gwiwa tare da karatun boko. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya sa mu dace, amin.